Mesar Mai Agogo

Shekara ashirin da shida Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai yanka makulli. Idan ya miƙa hannuwansa yana taɓa bango da bango. Teburi ɗaya, fitila ɗaya, kujerar da ya ɗaure wa ƙafa da waya, sai gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa idan zai leƙa cikin agogo. Ƙarfe takwas yake buɗewa, biyar da rabi ya rufe, shida saura minti goma yana ƙofar gida. Maƙwabta kan daidaita agogonsu da shigowarsa.

Ban da iya aiki, abin da aka san shi da shi shi ne ba ya yarda da maganar baki. Mutum zai kawo agogo ya rantse bai taɓa faɗuwa ba, haka kawai ya tsaya. Mai Agogo zai karɓi agogon. Zai juya shi, ya ɓalle murfin baya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "A kan siminti ya faɗi ko a kan tayil?" Kuma duk agogon da ya bi ta hannunsa sai ya ƙarta kwanan wata da allura a cikin murfin, ƙanana ƙwarai, sai da gilashi ake gani. Wanda ya dawo yana kumfar baki wai watan jiya aka gyara masa, sai a buɗe a nuna masa shekara uku ke nan. A wurin Mai Agogo, duk abin da ya tsaya akwai wanda ya taɓa shi, kuma in ka buɗe za ka ga sawun hannun.

Yana da shekara hamsin da huɗu mesa ta shigo rayuwarsa. Lokacin 'yan biyunsa sun girma sun kama gabansu, gida ya rage daga shi sai matarsa, Maman 'yan biyu, wadda ke ɗinki a gida, sai kuma yayarsa da ke zuwa duk Talata ta wuni.

Asibitin dabbobi aka kira shi gyaran agogon bango. Yana saukowa daga kan kujera idonsa ya faɗa kan wata roba mai murfi da aka huda mata ƙananan ramuka, da 'yar mesa a ciki. Likitar, wata matashiya mai saurin magana, ta ce masu haƙar harsashin gini ne suka tono uwar tana kwance kan ƙwai, Allah ya sa ba su kashe ta ba suka kawo. Ƙwai biyar suka ƙyanƙyashe, huɗu an samu masu riƙo, wannan ce ta rage. Ba irin babbar mesar da ake ba da labari ba ce, in ji ta. Ƙarama ce, ba ta da dafi, ko ta gama girma ba za ta wuce tsawon sandar tsoho ba, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya.

"Miƙo hannu, Baba."

Kafin ya yi gardama ta ɗora masa ita a tafi. Mesar ta naɗe, zagaye kan zagaye, sanyi-sanyi, baƙa da ruwan ƙasa. Shekara da shekaru yana kallon sifirin ɗin agogo a naɗe haka, amma bai taɓa riƙe wanda ke numfashi ba. Ya tsaya har Likita ta ce masa akwai mai akuya yana jira.

"Maciji?" in ji Maman 'yan biyu da ya kawo maganar a gida. "A gidan nan?"

"Mesa ce. Ƙarama."

"Au, mesa ce? To ai hankalina ya kwanta. Da na ɗauka wani abu ne mai ban tsoro."

Kwana tara suna ja. Da ta ga bai taɓa roƙonta wani abu haka ba tun da suke, sai ta kafa sharaɗi: ɗakin 'yan biyu za a ajiye ta, ƙofa a rufe, kuma mataccen ɓeran da za a riƙa ba ta ko inuwarsa kada ta shiga firjinta. A ɗakin nan ne babban teburin da take yankan yadi yake, amma ta ce wannan ita ta san yadda za ta yi.

Likita ta rubuta masa komai a takarda. Gefe ɗaya na akwatin da za a sa ta ya zama mai ɗumi, digiri talatin da biyu, ɗaya gefen ashirin da shida, don mesa ba ta ɗumama jikinta da kanta, sai dai ta matsa inda ya yi mata. Danshin iska ya kai sittin bisa ɗari. Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Murfi mai kamawa da kyau. Ɓera ɗaya duk Asabar, ya zo ya karɓa daga firizar asibiti.

"Kuma Baba, ka ƙyale ta sati guda ta saba da wuri," in ji ta. "In ta yi sati shida ba ta ci ba, ka dawo min da ita. Jaririya ce, ba ta da kitsen da za ta jure yunwa."

Akwatin da ya haɗa abin kallo ne. Tsohon gilashin baje kolin agogo ya ɗauko daga shago, gilashi ta kowane gefe, ya wanke shi tas. Ya yi masa murfin raga mai maɗauri huɗu. Ya manna shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin gefe ɗaya, ya haɗa ta da na'urar da ke kashe ta in zafi ya wuce ƙima, ya gwada kwana uku kafin ya yarda da ita. Ya zuba ɓawon kwakwa niƙaƙƙe a ƙasa. Ya kafa doguwar fitila a sama irin ta shago, don a riƙa ganin komai. Maɓoya kuwa da akwatunan katako na agogon teburi ya yi su, manya, wadatattu, ya yanke rufinsu ya sa gilashi, yadda ko tana ciki zai gan ta.

Ranar Lahadi ya kawo ta. Ya ɗora ta a sikelin da yake auna ƙananan kaya: giram casa'in da biyu. Ya buɗe sabon littafi ya ja layuka da rula: kwanan wata, lokaci, zafin gefen ɗumi, zafin gefen sanyi, danshi, nauyi, sai layin ƙarshe da ya rubuta wa "an duba".

Maganar a ƙyale ta sati guda, shi abin da ya fahimta shi ne kada a ba ta abinci. Dubawa kuma ai ba takurawa ba ce. Sau uku a rana, da safe kafin ya fita, da yamma yana dawowa, da kuma bayan cin abincin dare, sai ya ɓalle maɗauran nan huɗu, ya ɗaga maɓoyar da take ciki, ya sa ma'aunin zafi daidai inda take kwance, ya rubuta. Da safe kuma ya ɗauke ta ya auna. Kullum a dunƙule yake samun ta, kai a ciki. Ya ɗauka haka halinsu yake.

Asabar ta farko ya jiƙa ɓeran a ruwan ɗumi kamar yadda aka koya masa, ya riƙe da dogon hantsaki ya kai mata gaban hanci. Ta ƙara matse jiki. Asabar ta biyu ma haka. Nauyi ya koma tamanin da tara.

Ma'aunin zafi ya fara zargi. Ya sayo wasu biyu, ukun suka saɓa da rabin digiri, sai ya zargi duka ukun. Ya koma kan ɓera: ya shinshina shi, ya tambayi Likita wata nawa ya yi a firiza, wa ya kawo shi, me ya ci kafin ya mutu. A hanyar dawowa kuma wani tunani ya zo masa game da Likitar kanta. Ƙwai biyar, an zaɓi huɗu, an bar ɗaya. Me ya sa aka bar ta? Ya san irin wannan. Shi ma akan kawo masa agogon da aka zagaya da shi shago uku, a ce masa shi ne na farko.

Asabar ta huɗu, giram tamanin da biyar. Fatar bayanta ta fara yin 'yar ƙwarya a gefen ƙashi.

Ranar Talata yayarsa ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, hannu a kan hanci.

"Auta," ta ce masa, don har yau haka take kiransa da furfurarsa, "mutane na kiwon zomo, mutane na kiwon tattabara. Kai da aka raba hankali kana ina?"

"Yaya, ba ta cizo."

"Ni ina cizo. Ranar da na gan ta a falo, dutsen guga zan dira mata a ka, in kuma nemi gafara daga baya."

Daren nan ya bi layin kowace Talata a littafin da yatsa. Lambobin Talata lafiya lau suke. Sai dai yana cikin bin nan idonsa ya kama wani abu daban. Danshi kullum hamsin da huɗu ne, hamsin da biyar, ya kasa kai shi sittin duk yayyafin ruwan da yake yi. Amma a awon yamma na wasu ranaku yakan tashi sittin da takwas. Ya ɗauko jan biro ya yi musu alama. Litinin, Laraba, Asabar. Litinin, Laraba, Asabar. Sati huɗu, ba fashi.

Ranakun da Maman 'yan biyu ke yankan yadi a ɗakin ke nan.

Daga nan ya fara kallo da idon shago. Laraba da yamma ya ga ɓawon kwakwar da ya baje sumul da safe ya yi layi-layi, kamar an ja igiya a kai daga kusurwa zuwa kusurwa. Ruwan kwano ya ragu. Mesar da ba ta motsi, me ya fito da ita har ta zagaya akwati, in ba firgita ta aka yi ba? Ranar Asabar ya tsinci zare shuɗi mai kauri maƙale a bakin ragar murfi. Ya ɗauke shi da hantsaki ya manna a littafi.

Litinin da safe ya ɗora wani ɗan ƙanƙanin sukuru na agogon hannu a kan kusurwar murfin, wanda ko wanda ya san yana nan sai ya sunkuya zai gani. Da yamma ya same shi a ƙasa, taku biyu daga akwatin. Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa murfin, makulli a aljihunsa. Tun kafin nan ma ya ɗauko gwangwanin maganin sauro na gidan ya auna shi a sikeli, ya rubuta nauyinsa a bayan littafi, yana sake aunawa duk yamma. Ya shinshina ruwan kwano. Har ɗanɗanawa ya yi sau ɗaya.

Tun Larabar da ya ga layukan nan, a teburin cin abinci ya daina kallon fuskar matarsa, hannuwanta yake kallo.

"Baban 'yan biyu, lafiya? Ko na sa gishiri da yawa?"

"Lafiya lau. Kin shiga ɗakin can yau?"

"Yau Laraba, ai ka san ina shiga."

"Ba ki taɓa komai ba?"

"Na taɓa almakashi. Na taɓa alli. Ko su ma a littafi za a sa su?"

Ba ta kalle shi ba da ta faɗa. Ya lura da wannan. Shekara talatin suna tare, bai taɓa kama ta da ƙarya ba, amma kuma, ya gaya wa kansa, bai taɓa bincikawa ba. Ta ce ba ta son mesar tun ranar farko. In mesar ta kai sati shida ba ta ci ba za a mayar da ita, kuma a gabanta ya maimaita wannan magana. Ba sai an kashe ta ba. A hana ta sakat kawai, kwana arba'in da biyu su cika.

Rana ta talatin da tara Laraba ce, nauyi giram tamanin da ɗaya. Saura kwana uku. Ƙarfe sha ɗaya na safe Mai Agogo ya cire gilashin idonsa ya ja ƙofar shago.

"Wa ya rasu?" in ji mai yanka makulli, ya miƙe tsaye.

"Ba kowa."

"To gobara ce? Malam, shekara goma sha tara muna nan ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe da rana ba."

Ya wuce abinsa. Ya isa gida, ya cire takalma tun a waje, ya bi ta falo a kan yatsun ƙafa kamar ɓarawo a gidansa. Yana jin ƙarar almakashi, ƙyas, ƙyas, a hankali. Ya tura ƙofar ɗakin gaba ɗaya.

Akwatin babu shi. Wato yana nan, amma an lulluɓe shi ruf da wani tsohon labule shuɗi mai kauri, har ƙasa. An kashe doguwar fitilar. Maman 'yan biyu na tsaye a teburi, tef a wuya, alli a bayan kunne. Ta saki almakashin ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kashe ni za ka yi?"

"Me kika yi mata?"

"Wa?"

"Kin toshe mata iska. Kin kashe mata wuta. Sati biyar ina neman abin da ke damun ta, ashe a gida yake, muna cin abinci tare."

Ta kalle shi, kallo mai tsawo. Sannan ta zare tef ɗin daga wuya ta ninke shi a hankali, abin da take yi in ranta ya ɓaci sosai.

"Wutar ɗumi na nan a kunne, je ka taɓa. Fitila na kashe. Na bar mata tazara ta baya don iska, ni ba mahaukaciya ba ce. Ka ce in yanka yadin mutane da maciji a gefen idona? Ranar farko hannun riga biyu na ɓata. Sai na rufe ta, ba na ganin ta, ba ta ganina. Biyar da rabi in cire in ninke, tunda na san minti nawa kake yi a hanya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Mutumin da ke auna maganin sauro? Ka ɗauka ban gani ba?"

Ya ji kunya ta taso masa, ya danne ta. Ya nufi akwatin zai fizge labulen, ta tare shi da hannu.

"A hankali. Ɗaga ɗan gefen nan kawai. Kada ka yi magana."

Ya durƙusa ya ɗaga gefen da yatsa biyu. Da farko duhu ya gani. Da idonsa ya saba, sai ya gan ta. A miƙe take, duk tsawonta, rabin jiki a kan ɓawon kwakwa, kai a cikin kwano, tana shan ruwa, maƙogwaronta na motsi a hankali. Ta ɗago, ta fitar da harshe, ta mayar, ta bi gefen gilashi tana shinshinawa ba gaggawa. Kwana talatin da tara tana gidansa, bai taɓa ganin tsawonta ba. Bai ma san akwai wani ɗigo fari kusa da wutsiyarta ba.

"Ina jin ta tana yawo in na yi shiru," in ji Maman 'yan biyu ƙasa-ƙasa. "Kamar ana jan buhu a nesa. Da farko tsigar jikina tashi take yi. Yanzu in ban ji ba sai in ce ko lafiya."

Ya saki labulen. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Me kike sa mata a ruwa?"

"Baban 'yan biyu, kwaɗo ne a kai. Makulli na aljihunka."

Ya taɓa aljihun. Yana nan.

Duk da haka bai sauka ba. Ranar Asabar, rana ta arba'in da biyu, ya tafi asibitin dabbobi da littafinsa, bai ɗauki mesar ba. Niyyarsa ya nuna wa Likita cewa ba laifinsa ba ne, an yi ta dagula masa tsari a ɓoye, don haka a ƙara masa lokaci. Ya buɗe shafin jan biro, ya nuna zaren shuɗi, ya ba da labarin sukuru.

Likita ta saurara ba ta katse shi ba, abin da ba halinta ba. Ta jawo littafin gabanta. Ba ta kalli layin danshi ba. Layin ƙarshe ta bi da biro, shafi bayan shafi, leɓenta na motsi.

"Baba, wannan 'an duba' ɗin, yaya kake dubawa?"

Ya yi mata bayani dalla-dalla, har da yadda yake ɗaga maɓoya da hannun hagu don dama ta riƙe ma'auni.

"Sau uku a rana."

"Ba fashi."

"Kwana arba'in da ɗaya. Sau ɗari da ashirin da uku ke nan ka cire mata rufin ɗaki. Sau arba'in da ɗaya ka ɗauke ta ka sa a sikeli. Maɓoyar kuma ka ce rufin gilashi ne?"

"Don in riƙa ganin ta."

"Da fitila a kai. Baba, wannan dabba a rami take rayuwa. Duk abin da ya zo mata daga sama, a saninta shaho ne. Mesar da ke jiran a cinye ta ba ta cin abinci. A duk littafin nan, awa shida na ranakun Mama ne kaɗai ta samu ta huta."

"Amma in ban buɗe ba, ta yaya zan san abin da ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Ba agogo ba ce."

Ya kalli rubutun hannunsa, layi-layi, tsaf, ba gogewa ko ɗaya. Ya zo da shaida kuma shaidar ta kama mutum, sai dai ba wanda ya zo ƙara ba.

"Ko dai dama can mara lafiya ce?" ya ce, murya ƙasa. "Me ya sa ita aka bari?"

"Saboda ita ce ta fi ɓuya, masu zaɓa ba su gan ta da kyau ba. Sau uku ta ci a hannuna." Ta rufe littafin. "Kwana takwas na ƙara maka, ba don kai ba, don labulen Mama. Ka manna kwali a gefe uku. Ka cire fitila. Ka zubar da akwatunan nan, ka samo ƙananan robobi baƙaƙe ka kifa, ka yanka ƙofa, matsattsu, yadda jikinta zai taɓa ko'ina. Ma'auni ka bar shi a ciki ka riƙa karantawa ta gilashi. Daga nan kada hannunka ya shiga sai canjin ruwa. Asabar mai zuwa da magariba ka ajiye ɓera a ƙofar maɓoya ka fita. In Lahadi da safe yana nan, ka kawo min ita."

Ya yi duk abin da aka ce a yammacin nan, a buɗewa ɗaya. Da ya datse kwaɗon ya tsaya da makullin a hannu. Ya san halin mutumin da ke riƙe da shi, wato shi kansa. Ya san gobe da safe mutumin nan zai ce bari dai ya ɗan ɗaga sau ɗaya, don a tabbatar. Ya fita falo inda Maman 'yan biyu ke kan keke, ya ajiye makullin kusa da almakashinta.

"Na mene ne?"

"Ki riƙe. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Ta ɗauka ta zura shi a igiyar almakashin, keken kuma ya ɗan ƙara sauri.

Satin nan ya sha wuya. Talata ya ce yana jin wani wari, a buɗe ya duba. Ta shiga ta shinshina ta ce warin zarginsa ne. Yaya da ke zaune ta yi dariya har da tari, ta ce ashe an samu mai ɗaure Auta. Alhamis ya ce ma'aunin ya karkace ba ya karantuwa. Ta ba shi aron tabaraunta. Canjin ruwa ita ke buɗewa, tana tsaye a kansa tana ƙirga masa har goma. A shago ya buɗe agogon wani direba sau biyu bayan ya gama gyara shi, don dai hannunsa ya buɗe wani abu.

Asabar da magariba ta buɗe kwaɗon. Ya ɗumama ɓeran, ya tsane shi, ya ajiye da hantsaki a ƙofar robar gefen ɗumi. Ba abin da ya motsa a ciki. Ta datse, ta saki labule, ta tura shi waje ta ja ƙofa.

Lahadi da sassafe ya riga ta tashi. Ya ɗaga gefen labulen. Inda ya ajiye ɓeran babu komai.

Farin cikin bai kai minti ɗaya ba. Wa ke da makulli? Wa ya ga yadda ya rame a satin nan, har ta ce masa abin ya isa haka? Mace mai tausayi, da makulli a hannu, da miji mai barci. Ya zagaya bayan kicin ya buɗe kwandon shara, ya naɗe hannun riga, ya fara ɗaga ɓawon albasa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka duba ƙarƙashin ganyen shayi," in ji murya a bayansa. "Can nake ɓoye ɓerayena."

Tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu. Ya miƙe da ɓawon ƙwai a yatsa.

"Ni da ko kallonsa ba na iya yi, ni zan ɗauke shi da hannuna? Wanke hannunka ka zo."

Suka durƙusa tare a gaban akwatin. Ta ɗaga labulen ta ɗaya gefen, inda hasken taga ke ɗan shiga. Robar ta yi wa mesar kaɗan yau. Wani lanƙwasa na jikinta ya fito ta ƙofa, kuma a tsakiyarsa akwai kumburi, dogo, kamar an cusa babban yatsa a cikin safa.

Hannunsa ya tafi kan murfin da kansa, ya taɓa kwaɗo, ya tsaya. Giram nawa ta ƙara? Sikeli na nan a kan teburi, taku ɗaya.

"Kwana biyu ba a taɓa ta bayan ta ci," in ji Maman 'yan biyu. "Likita ta faɗa maka, kai ka faɗa min."

Ya janye hannun. Ya ɗauko littafin, ya rubuta kwanan wata, ya karanta ma'auni ta gilashi: talatin da biyu, ashirin da shida, danshi sittin da biyar. Layin nauyi ya bar shi fari. A layin ƙarshe ya rubuta: ta ci.

Shekara huɗu ke nan yanzu. Mesar ta kai kaurin damtsen hannu, an canza mata akwati sau biyu, na yanzu na katako ne, gilashi ta gaba kawai. Tana yin saɓa ɗungurungum ba yagewa, yana ajiye kowace a ambulan da kwanan wata. Sau ɗaya a wata yake auna ta. A shago bai canza ba, har gobe yana tambayar mutane siminti ne ko tayil. Makullin kuwa yana nan a igiyar almakashi. Sau biyu ta ce ya karɓi abinsa, ya ce a'a, bai gama yarda da mutumin da zai riƙe shi ba tukuna.